Yunwa a ciki take ko a kai? Labarin girelin, ɗan aiken tumbi

Duk wanda ya taɓa yin azumi ya san wannan abun ko da bai taɓa zama ya yi tunani a kai ba. Wajen ƙarfe ɗaya zuwa biyu na rana, daidai lokacin da ka saba zama gaban kwano, yunwa za ta taso maka kamar ta cire maka rai, ciki na ta ƙugi, jiki ya mutu, ko doguwar magana ba ka so a yi maka, da ƙyar zaka lallaɓa ka yi azahar ka nemi inuwa ka kishingiɗa. Amma kafin la'asar sai ka ji ta lafa, alhali ko ƙwayar shinkafa ba ka jefa a baki ba. To ina ta tafi? In dai yunwa ba komai ba ce illa ciki ya zama wayam, ai kamata ya yi ta yi ta ƙaruwa har a kira magariba, tunda cikin ƙarfe huɗu ya fi na ƙarfe ɗaya zama fanko.

Su ma masana da can haka suka ɗauka, cewa a ciki abun yake. A 1912 wani malamin jami'ar Harvard, Walter Cannon, ya sa ɗalibinsa Washburn ya haɗiye balan-balan ɗaure da siririn tiyo, aka hura ta a cikinsa, duk sanda ya ji yunwa sai ya danna maɓalli, ita kuma na'ura tana auna matsewar tumbi. Suka ga duk lokacin da tumbi ya murɗa a lokacin yake dannawa, sai suka ce shikenan, murɗawar ciki ita ce yunwa. Maganar ta zauna a littattafai shekara da shekaru. Matsalar kawai ita ce likitoci sun yi ta cire wa mutane tumbi gaba ɗaya saboda ciwon daji, kuma mutanen nan su warke su ci gaba da cewa suna jin yunwa. Kenan akwai wani wuri da ake ƙulla abun wanda ba ciki ba.

Wurin yana can ƙasan ƙwaƙwalwa, bayan idanu, wani ɗan yanki da girmansa bai fi ƙwallon dabino ba, sunansa haifotalamus. Tun wajen 1940 aka gano in an lalata wani sashe nasa a kan ɓera sai ya yi ta ci ba ƙaƙƙautawa har ya zama kamar tulu, a 1951 kuma Anand da Brobeck suka nuna in aka lalata gefensa ɓeran zai daina cin abinci sam, ga abinci a gabansa amma yunwa ta kashe shi. An san ofishin kenan. Abin da ba a sani ba shine waye ke kawo wa ofishin rahoto daga ciki.

Yadda aka gano shi ma abin dariya ne, domin kwaɗon aka fara tsinta kafin mabuɗin. A 1996 masu bincike na kamfanin Merck suka gano wata 'yar kafa a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa wadda in wasu magunguna na haɗi suka taɓa ta sai jiki ya saki sinadarin girma. To ai jiki ba zai ajiye kwaɗo haka kawai yana jiran maganin kamfani ba, dole akwai mabuɗinsa na asali a wani wuri, sai aka bazama nema, kuma kusan kowa a ƙwaƙwalwa yake laluben tunda can kwaɗon yake. Masayasu Kojima da Kenji Kangawa, a wata cibiyar binciken zuciya da ke Osaka a Japan, su ne suka same shi, kuma a tumbin ɓera suka same shi, suka wallafa a mujallar Nature a watan Disambar 1999. Ɗan ƙaramin sinadari ne mai gaɓoɓi 28, da wani ɗan jelar maiƙo manne a gaɓa ta uku, wanda in babu shi mabuɗin ba ya buɗe komai. Suka raɗa masa suna girelin, daga wani tsohon tushen kalma mai nufin girma. Ka lura, ko a sunan babu maganar yunwa, su sinadarin girma suke bi.

Maganar yunwa daga baya ta shigo. A 2000 Matthias Tschöp da abokan aikinsa suka riƙa yi wa ɓeraye allurarsa kullum, sai ɓerayen suka tara kitse. A 2001 a Landan aka ɗura wa mutum 9 masu lafiya shi ta jijiya aka kai su gaban abinci aka ce kowa ya ci iya cinsa, sai suka ci fiye da na ranar da aka ɗura musu ruwan gishiri da kashi 28 cikin 100. A shekarar dai David Cummings a Seattle ya riƙa ɗiban jinin mutane dare da rana yana aunawa, ya ga girelin yana tashi ya kusa ninkawa gab da kowane cin abinci, da an ci kuma cikin awa guda ya zube ƙasa. Daga nan jaridu suka laƙaba masa "sinadarin yunwa", sunan ya bi shi har yau, duk da ni a ganina sunan ya ɗan yi masa yawa, zan zo kan wannan.

Mu koma kan tambayar azahar ɗin nan. A 2005 an yi wani ƙaramin gwaji inda aka hana mutane abinci fiye da yini da kwana ana auna jininsu, sai aka ga girelin ba hawa yake ta yi a miƙe ba. Lokacin karin kumallo ya tashi, da lokacin ya wuce ya sauka da kansa, lokacin abincin rana ya sake tashi ya sake sauka, haka ma da dare, kuma duk ba a ci komai ba. Agogo yake bi, agogon da kai ka koya masa. Ɓeran da aka saba ba shi abinci a sa'a ɗaya tak kullum, cikin 'yan kwanaki girelin ɗinsa zai koma tashi gab da wannan sa'ar. Kuma wani abin da mutane ba su cika sani ba, ƙwayoyin da ke haɗa shi a bangon tumbi suna karɓar umarni ne daga jijiyoyin da suka sauko daga ƙwaƙwalwa, wato ita ce ke cewa ciki "lokaci ya yi, aiko min da saƙo", shi kuma ya aiko. Shi ya sa nake ganin wahalar kwana biyu ukun farko na Ramadan ba ta rasa nasaba da wannan, jiki na nan yana buga ƙararrawa a tsohon lokaci, kafin ya gane an canja jadawali. Ga kuma wani ƙari, cika ciki da ruwa ba ya saukar da girelin, an gwada a ɓeraye, sai abinci ya wuce tumbi ya isa hanji jiki ya tabbatar akwai abin amfani a ciki tukun. A mutane kuma an ga abinci mai gina jiki irin su ƙwai da nama ya fi daɗewa yana danne shi, maiƙo ne mafi rauni wajen danne shi, kayan zaƙi kuma su saukar da shi da sauri amma bayan 'yan awoyi ya dawo har ya zarce inda ya taso. Wanda ya yi sahur da burodi da lemon kwalba ya san wannan a jikinsa.

Toh yanzu ta yaya saƙon ke isa kai? Hanya biyu ce, kamar yadda za ka iya ba direba saƙo a tasha ko ka ɗaga waya ka kira. Saƙon mota shine jini. Amma ƙwaƙwalwa ba gidan da ake faɗawa haka nan ba ne, jijiyoyin jininta a tsuke suke, akwai shinge da ke tace abin da zai shiga, yawancin abin da ke yawo a jini a waje yake tsayawa. Sai dai kowane gida da zaurensa. A gindin haifotalamus akwai wani ɗan wuri da shingen ya yi sako-sako, kuma dab da shi akwai wani gungun ƙwayoyin jijiya da ake kira akuwet, saboda lanƙwasarsa kamar baka. Nan ne zauren, nan ake tarbar baƙin da suka zo ta jini, su girelin daga tumbi, insulin daga fankiriyas, gaɓar nan mai kula da suga, da leptin wanda kitsen jiki ke aikowa, shi Jeffrey Friedman ne ya gano shi a 1994 a New York, aikinsa ya riƙa shaida wa ƙwaƙwalwa yawan abin da ke rumbu.

A cikin zauren nan ƙwayoyi iri biyu ke zaune kamar kishiyoyi a tsakar gida ɗaya. Akwai waɗanda ake kira POMC, su kullum maganarsu "an ƙoshi, a ɗauke kwano", suna aika wani sinadari zuwa sama, wani sashe na haifotalamus ɗin, ya danna wata kafa mai suna MC4R, ita ce burkin cin abinci. Mutanen da aka haifa da matsala a wannan kafa tun suna yara ba sa ƙoshi, kuma a cikin ƙibar da ƙwayar gado guda ɗaya ke jawowa ita ce aka fi samu. Sai ɗaya ɓangaren, ƙwayoyin AgRP, su ne masu kwaɗon girelin birjik a jikinsu. Da girelin ya iso ya saka mabuɗi sai su fara harbawa, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba, suna sakin wani sinadari NPY mai tunzura ci nan take, suna sakin wani mai suna GABA a kan kishiyar tasu su rufe mata baki, sannan shi AgRP ɗin kansa ya je ya zauna daram a kan kafar MC4R ya toshe ta yadda ko kishiyar ta yi magana ba mai ji. Wato a lokaci guda an taka totur an kuma cire burki. Leptin kuma akasin haka yake yi, ya ƙarfafa POMC ya kwantar da AgRP, shi ya sa wanda ya rame, leptin ɗinsa ya yi ƙasa girelin ya yi sama, abun ya haɗe masa biyu.

Ƙarfin waɗannan 'yan ƙwayoyi sai da aka gwada aka yarda. A 2011 a ɗakin binciken Scott Sternson a Amurka aka yi wa ɓeraye dabarar da ake kunna ƙwayar jijiya da hasken fitila ta wani siririn zare da aka dasa a kai. Ɓera ya ci ya ƙoshi yana kwance abinsa, aka kunna ƙwayoyin AgRP kimanin 800 kacal, cikin mintuna ya tashi ya afka wa abinci kamar wanda ya kwana bai ci ba, aka kashe fitila ya bari. Ɗari takwas fa, a ƙwaƙwalwar da ke da ƙwayoyi miliyoyi. Kafin nan a 2005 a ɗakin Richard Palmiter an kashe waɗannan ƙwayoyi a manyan ɓeraye sai suka daina ci suka yi ta zubewa, ko da yake daga baya an samu masu ja da wannan sakamakon.

Amma gwajin da ya fi burge ni na 2015 ne, guda biyu. Na farko daga ɗakin Sternson ɗin dai, suka tambayi abu mai sauƙi, shin in ƙwayoyin nan na harbawa daɗi ɓera ke ji ko wahala? Suka raba akwati gida biyu, duk sanda ɓera ya shiga ɗaki ɗaya sai a kunna masa su, a hankali ɓeran ya koyi ƙaurace wa wannan ɗakin. Kenan ba daɗi ba ne, ƙunci ne, wani abu ne mai damu da dabba ke neman hanyar kashe shi, kuma hanyar ita ce ci. Bahaushe da ya ce yunwa a ba ki a huta ya riga su faɗa. Na biyu daga ɗakin Zachary Knight a San Francisco, su kuma suka leƙa ƙwayoyin kai tsaye a ɓera mai yunwa. Kowa ya zata sai abinci ya shiga ciki ya narke za su yi shiru. Ina! Ana ajiye abincin, ɓera ya gani ya shinshina, cikin daƙiƙoƙi suka yi tsit tun bai kai baki ba, kuma in abincin mai daɗi ne irin markaɗaɗɗiyar gyaɗa sun fi yin tsit da sauri. In kuma aka ɗauke abincin bai ci ba sai su dawo da ihunsu. Wato ƙwayoyin ba awo kaɗai suke yi ba, hasashe suke yi, suna ba da bashi a kan abincin da suke sa ran zai shigo. Ka tuna yadda ake ji ana saura minti biyar a sha ruwa, an jera kunu da ƙosai da dabino a tabarma, ƙishi na nan amma wannan ƙwaƙular ta rana ta ragu, hankali ya kwanta tun ba a kira salla ba.

Kiran wayar kuma, wato hanya ta biyu da saƙon ke isa kai, wata doguwar jijiya ce mai suna bagas, ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta sauko ta wuya har tumbi da hanji. Akwai binciken Japan na 2002 da ya nuna in an datse ta a ɓera girelin ba ya sa shi ci, a Landan ma an gwada mutanen da aka yanke musu ita a wajen tiyata ba su ƙara ci ba da aka ɗura musu. Wasu kuma suka gwada a nasu ɓerayen suka ce ko babu ita yana aiki. Har yanzu ana wannan musun, na bar su a nan.

Inda labarin ya fi shafarmu shine ba zaure kaɗai girelin ke tsayawa ba. Mu a Hausa mun raba yunwa da kwaɗayi, har muna yi wa mutum gori mu ce wannan ba yunwa ba ce kwaɗayi ne, to sai ga shi ɗan aike ɗaya ne ke ƙwanƙwasa ƙofofin biyu. A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin da ke sakin dofamin, sinadarin da ke sa ka ji kana son abu har ka tashi ka bi shi, shi ne dai wanda sigari da giya da caca ke wasa da shi. A 2006 Alfonso Abizaid da Tamas Horvath a jami'ar Yale suka nuna waɗannan ƙwayoyi ma suna da kwaɗon girelin, in ya taɓa su suna ƙara harbawa. A Gothenburg ta ƙasar Suwidin kuma aka ga ɓeran da aka ƙara wa girelin ya fi shan giya, wanda aka toshe masa kwaɗon ya rage.

A mutane, gwajin da aka fi ambata na Alain Dagher ne a Montreal ta Kanada a 2008. Mutum 20, aka saka su cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ana nuna musu hotunan abinci da hotunan fili da tsaunuka, 12 daga ciki aka yi musu allurar girelin. Bayan allurar, da an nuno abinci sai wurare huɗu su ƙara haske, amigdala mai lura da abin da ya kamata a mai da hankali a kai, insula inda ɗanɗano da jin yanayin cikin jiki ke haɗuwa, wani yanki a goshi saman ido wanda ke yi wa abu farashi, da kuma sitirayatum inda dofamin ke sauka. Hoton tsauni kuwa ko a jikinsu. Washegari aka tambaye su, sai aka ga hotunan abincin da suka gani da girelin a jini sun fi zama musu a kai. Wannan shine dalilin da mai tsiren da kake wucewa kullum ba ka ko kallonsa, ranar da ka taso aiki ba ka ci komai ba tun safe ƙamshin ƙuli da hayaƙin nan zai tare ka tun daga kwana, yawu ya tsinke, kuɗin da ka ce na cefanen gobe ne ka ji ai ba komai. Tsiren bai canja ba, mai yi masa farashi a goshinka ne aka yi wa raɗa.

A 2023 kuma, Andrew MacAskill da Ryan Wee a jami'ar UCL ta Landan sun duba hifokamfas, sashen da aka fi sani da ajiye tunani da sanin wuri. Suka ga duk ɓera, mai yunwa da ƙosasshe, yana zuwa ya shinshina abinci, amma a ƙosasshen wasu ƙwayoyi a ƙasan wannan sashe suna tashi su hana shi kai baki, a mai yunwa kuma girelin ya rage musu ƙarfi sai ya wuce ya ci. Da suka cire kwaɗon girelin daga waɗannan ƙwayoyin sai tsarin ya rikice. Kenan har wurin yanke shawarar "in ci ko in bari" saƙon tumbi na da ƙuri'a.

Kuma abubuwan da ke motsa shi ba abinci kaɗai ba ne. Barci na ciki. A 2004 a Shikago, Karine Spiegel da Eve Van Cauter suka sa samari 12 barcin awa 4 dare biyu, wani lokacin kuma awa 10, a ƙarancin barcin girelin ya hau da kashi 28, leptin ya sauka da kashi 18, kuma abin da suka fi marmari kayan zaƙi ne da na gishiri da masu sitaci. Masu kwana a kan waya har ƙarfe uku sai su lura. Har abin da ka yarda da shi a ranka yana taɓa shi, a 2011 Alia Crum a Yale ta ba mutum 46 madarar shek, wato haɗin madara mai zaƙi da kauri, iri ɗaya sak mai kalori 380 (ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci) sau biyu, sau ɗaya an manna takardar cewa kalori 620 ce ta 'yan gayu, ɗayan an rubuta 140 ta masu rage ƙiba. Ranar da suka zata mai nauyin suka sha girelin ya fi zubewa sosai. Gwaji ne ƙarami, ban ce a gina gida a kansa ba, amma ya dace da abin da aka gani a ɓerayen Knight, kai ke hasashe ciki na bi.

To in haka ne ai sai a ce an gama, a toshe girelin kowa ya rame. Kamfanonin magani ma haka suka yi tsammani, kuma a nan ne aka sha mamaki. Da farko dai masu ƙiba girelin ɗinsu ƙasa yake da na siraran mutane, ba sama ba, an nuna wannan tun 2001. Masu cutar nan ta ƙin cin abinci da ke ƙanjamar da 'yan mata kuma nasu a sama yake sosai amma ba sa ci. Akwai dai wata cutar gado, Prader-Willi, da ke tasowa daga matsala a kuromosom na 15, masu ita ba sa taɓa ƙoshi har sai an riƙa kulle kicin, su kam girelin ɗinsu ya ninka na mutane, amma ko su magungunan da aka gwada ta wannan hanya ba su kashe musu yunwar ba. Sannan a 2003 aka samar da ɓerayen da aka haifa babu girelin sam, ana jiran a ga 'yan ƙanana marasa cin abinci, sai ga su ɓul-ɓul suna ci kamar kowa. Aka ce ai don tun haihuwa ne jiki ya nemi wata hanya, sai a 2014 aka kashe ƙwayoyin da ke haɗa shi a ɓerayen da suka riga suka girma, nan ma ci bai ragu ba, nauyi bai ragu ba. Shi ya sa na ce sunan ya yi masa yawa. Ƙwayoyin AgRP suna da masu kawo musu rahoto da dama, in ɗaya bai zo ba zance ba ya tsayawa. Har hanta ma tana da nata, wani sinadari LEAP2 da aka gano aikinsa a 2018, yana zuwa ya toshe kwaɗon girelin bayan an ci abinci. Allurar rage ƙiba da ake ta yayi yanzu, su Ozempic da Wegovy, ba ta girelin suka bi ba, saƙon ƙoshi na hanji suka kwaikwaya.

Menene aikinsa na gaskiya kenan? Amsar da ta fi gamsar da ni daga Dallas ta fito, ɗakin Michael Brown da Joseph Goldstein, waɗanda suka ci kyautar Nobel a 1985 a kan kolestarol. A 2008 suka gano sinadarin da ke manna wa girelin jelar maiƙon nan, a 2010 kuma suka ɗauki ɓerayen da ba su da shi da lafiyayyu suka rage musu abinci da kashi 60 cikin 100. Duka suka rame kitse ya ƙare. Amma lafiyayyun girelin ɗinsu ya yi ta hawa, ya tunkuɗo sinadarin girma, sugan jininsu ya tsaya daidai, su kuwa marasa shi wajen kwana na bakwai suga ya faɗi warwas suka kama hanyar mutuwa, da aka ba su girelin ko sinadarin girma sai suka tsira. Wato a lokacin wadata za ka iya rayuwa ba shi, ranar fari da yunwa ta gaske ce ake gane amfaninsa, kuma sai ka ga ashe su Kojima ba su yi kuskuren suna ba.

Wannan ne ma ya sa rage ƙiba ke da wuya, jiki bai san bambancin wanda ya rage ci da gangan da wanda fari ya cinye masa gona ba. Cummings a 2002 ya ga mutanen da suka zubar da kashi 17 na nauyinsu ta hanyar rage ci girelin ɗinsu ya ƙaru da kashi 24. A Melbourne ta Ostireliya a 2011 aka sa mutum 50 a tsauraran tsarin abinci na mako 10, waɗanda suka kammala suka zubar da kimanin kilo 13 da rabi, bayan shekara guda aka sake aunawa girelin na nan sama da inda ya faro, yunwar ma haka. Shekara guda fa. Don haka in ka ga wanda ya rame ya dawo da ƙibarsa, kafin ka ce ba shi da zuciya ka san da abin da yake kokawa. Tiyatar da ake yanke kusan kashi 80 na tumbi a bar shi kamar hannun riga tana tafiya da yawancin ƙwayoyin da ke haɗa girelin, kuma da yawa daga waɗanda aka yi wa suna cewa yunwar ce kanta ta ragu ba wai wurin zubawa kaɗai ba, duk da tiyatar tana canja wasu saƙonnin hanji ma ba shi kaɗai ba.

Inda aka ɗan ci riba shine ta ɗaya gefen, wato buɗe ci. Kar dai a haɗa da ƙwayoyin sha-ka-fashe da ake sayar wa mata a kasuwa, waɗannan yawanci maganin ƙaiƙayi da mura ne mai sa barci da ci, ko kuma sitiroyid mai kumbura fuska ya jawo hawan jini da ciwon suga, ba ruwansu da girelin. Masu kwaikwayon girelin na gaske kaɗan ne. A Amurka tun 2016 akwai wanda aka amince a ba karnukan da suka ƙi cin abinci. Na mutane kuma akwai anamorelin, an yi shi ne don masu ciwon daji da cuta ta cinye musu jiki ba sa iya cin ko loma biyu. A manyan gwaje-gwaje ya buɗe musu ci, nauyi ya ƙaru, tsoka ta ƙaru a ma'auni, amma da aka ba su abin matsawa a hannu don auna ƙarfi sai aka ga ƙarfin bai ƙaru ba. Hukumar magunguna ta Turai ta ƙi amincewa da shi a 2017, Japan kuma, inda aka fara tsintar girelin a tumbin ɓera, ta amince a 2021.